Doguwar Sujadar Malam Abdulganiyyu

Mutanen unguwar sun daɗe suna yabon ruku'un Malam Abdulganiyyu. Shi ne limamin masallacin ƙofar gidansa, a wani ƙauye da ke mazaɓar Zurgu ta ƙasar Rano, kuma tun bara aka lura cewa in ya sunkuya ba ya gaggawar ɗagowa. Tsayuwa kuwa ya gajarta ta, daga Fatiha sai 'yar ƙaramar sura. Dattawa suka ce ai tsoron Allah ne ya ƙara ratsa shi. Matarsa Asma'u, wadda madafarta ke jingine da bangon masallacin, in wannan yabo ya iso kunnenta sai ta ce, "Allah ya sa," ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

Ita ta san abin da ake ciki. In Malam ya miƙe tsaye, wani zugi ke taso masa daga ƙugu ya gangara cinyoyi har tafin ƙafa, ƙafafun su yi masa nauyi kamar an ɗaura musu buhun gero. Da ya sunkuya sai abin ya sake shi. Yana iya wuni a duƙe da fartanya a gona ba ka ji ya ce wash ba, amma daga gida zuwa maƙabarta sai ya tsuguna a hanya sau da yawa, yana yi kamar takalminsa yake gyarawa. An sha saƙe-saƙi, an shafa man zafi, wanzami ya yi ƙaho har bayan ya koma kamar allon da yara suka yi wa zane. Ciwo dai yana nan.

Ɗanmalam ne ya matsa aka tafi Kano. Shi ne ɗan farinsu, yana sayar da taki da maganin feshi a cikin garin Rano. Sunansa na yanka Shamsuddeen, amma Asma'u ba ta taɓa furta shi ba, don ɗan fari ne, ko ido ba ta cika haɗawa da shi ba. A asibitin aka zura Malam cikin wata na'ura mai ƙara aka ɗauki hoton bayansa. Likitan ya ce hanyar da jijiyoyin ƙafa ke bi a cikin ƙashin baya ce ta tsuke, shi ya sa suke matsuwa in ya miƙe, su sami sarari in ya duƙa. Ya ce hanya biyu ce. Ko a yi tiyata a buɗe wurin, ko a fara gwada motsa jiki a ga yadda hali zai yi, don da yawa suna samun sauƙi da shi ba tare da an kai ga wuƙa ba.

Malam bai bari ya rufe baki ba. "Na biyun," in ji shi.

Ba wai ya auna zancen ba ne, tsoro ne kawai. Mutumin da duk ragon sunan unguwa da hannunsa ake yankawa, ya sha tsayawa yana kallon mahauci na tsaga gadon baya, ya san farar lakar nan da ke kwance a ciki, ya san taushinta. Ga kuma Alu na Saji, abokinsa tun na makarantar allo, wanda aka yi wa aiki a baya ya dawo a keken guragu. Kowa ya san daga kan motar albasa Alu ya faɗo, bayan ya riga ya karye kafin likita ya taɓa shi, amma wa zai tsaya gaya wa Malam wannan? Ita ma Asma'u, ko sunan tiyata ba ta son ji. Ta ji daɗin amsarsa har ranta.

Aka tura su ɓangaren gashin ƙashi, wurin wata matashiyar likita mai suna Rahma, mai fara'a amma ba ta kwana-kwana a magana. Ta kwantar da Malam rigingine, ta nuna masa yadda zai rungumo gwiwoyinsa zuwa ƙirji, da yadda zai ɗaure cikinsa ya manna bayansa da ƙasa. Ta ce ya riƙa hawa keke, ya riƙa tafiya kaɗan-kaɗan yana hutawa, ya kuma yi sallama da ɗaukar kaya mai nauyi. Sannan ta gyara zama ta ce akwai maganar da ta fi duk waɗannan, maganar fitsari da bayan gida. Ɗanmalam na jin haka ya tuna yana da kiran da zai yi a waje. Ɗa mai kunya ke nan, ya fita ya ja ƙofa.

"Baba, ka saurare ni, Mama ke ma ki ji," in ji Rahma. "Ranar da fitsari ya fara kuɓuce maka ba ka sani ba, ko ya ƙi fita, ko ka ji wajen zamanka da tsakanin cinyoyi ya mutu kamar ba jikinka ba, ko ƙafa ta fara ja, to maganar motsa jiki ta ƙare. Ranar za ku taho, ba washegari ba. Jijiyar ce ta shaƙe, in ta daɗe a haka mutuwa take yi, kuma ba ta dawowa. Ƙafafunka ake magana, Baba."

Malam ya dubi silin ya ce Allah ya kiyaye. Asma'u ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, tana mamakin yarinyar da ba ta kai sa'ar autarta ba ta dubi liman ta yi masa zancen tsakanin cinyoyi. Amma ta ji, kalma ɗaya ba ta wuce ta ba.

Damina ta yi musu kyau. Kullum da hantsi Malam zai shige turaka ya kwanta a tabarma ya rungume gwiwoyi kamar jaririn da ake wa wanka, Asma'u na zaune a bakin ƙofa tana tsince wake, tana gadin kada wani ya faɗo ya ga liman ƙafafu a sama. Wani lokaci dariya ta ci ƙarfinta, shi kuma ya ce daga ciki, "Ina jin ki." Ya gyara tsohon kekensa, ranar kasuwa har Kibiya yake takawa. Zugin bai tafi duka ba, amma ya ja baya sosai, har surori masu ɗan tsawo suka fara dawowa sallar asuba. Ɗanmalam ya zo ya gani ya koma Rano da murna, yana ba kowa labari an tsira daga wuƙa.

Da kaka ta yi aka yanke dawa, Badamasi na'ibin Malam ya kawo masa dami, kamar yadda manoman unguwar suka saba yi wa limaminsu kowace shekara. Ya ajiye a bakin zaure ya tafi. Malam ya fito ya ga dami, ya ga ba kowa, ya kuma ji ƙarfi a jikinsa. Mutum in ya sami sauƙi mantuwa ke fara kama shi. Ya sunkuya ya cicciɓa zai kai rumbu. Asma'u na tsakar gida ta ji ya yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, ta ga damin ya zame ya faɗi, shi kuma ya dafa bango ya daɗe bai motsa ba. Ya ce ba komai, jijiya ce ta harɗe.

Washegari da safe ta je ɗaukar bokiti a bayan ɗaki ta tarar da wandonsa a jiƙe a ciki. Tun da aka kawo ta gidan nan Malam bai taɓa wanke ko hankici ba. Ta ɗago wandon, warin ya gaya mata sauran. Ta tsaya da shi a hannu, ruwa na ɗiga mata a ƙafa. Ta ce wa kanta ƙila tsautsayi ne na rana ɗaya. Ta wanke, ta shanya. Kashegari ta sami wani.

Ta same shi a turaka bayan azahar, littafi buɗe a gabansa. Ta durƙusa daga gefe.

"Malam, abin nan da yarinyar asibiti ta faɗa."

Bai ɗago ba. "Wane abu?"

"Na ga wanduna."

Ya shiga juya shafuka. Can ya juyo da littafin wajenta, kamar dai tana iya karanta shi, ya ɗora yatsa a kan wani layi. Ya ce wannan ba baƙon abu ba ne, malamai sun yi bayaninsa tun kafin a gina asibitin Kano. Yoyon fitsari ne, wanda littafi ke kira salas, yana samun tsofaffi, kuma shari'a ta yi sauƙi a kansa: in ya yawaita ba ya karya alwala, mutum ya sa ƙyalle ya tare, ya yi sallarsa. Yana magana muryarsa na daɗa ƙarfi, don ya dawo filin da ya sani. A asibiti shi ɗan kallo ne, amma a babin tsarki ba mai ja da shi a duk Zurgu.

"Ai ba alwala yarinyar take nufi ba, Malam. Ƙafafunka ta ce."

"Ga ƙafafuna nan, da su na je masallaci."

"Kuma kai da bakinka ka karantar da mu cewa mai wannan lalura bai kamata ya ja mutane sallah ba."

"Makaruhi ne, ba haram ba." Ya rufe littafin. "In na ce Badamasi ya shige gaba, sai an tambayi dalili. In ce musu me? In na ce a kai ni Kano, yaron nan zai tambaya. Ke za ki gaya masa, ko ni? Kuma kin san abin da ke jira na a can. Kwantar da ni za su yi rubda ciki su tsaga."

Sai a lokacin ya dube ta, ta ga idonsa ya kawo ruwa. Ba ta taɓa ganin tsoro a fuskar mutumin nan ba, ko ranar da gobara ta ci rumbunsu.

"Asma'u, ki rufa mini asiri. Zan ƙara motsa jikin, zai wuce."

Da ya yi mata tsawa da ta iya musu. Amma rufin asirin miji shi ne abin da aka yi mata huɗuba da shi tun ranar da aka sa ta a lalle, kuma shi ne abin da ta fi iyawa a duniya. Shekarar da fari ya cinye gona, tukunyar ruwa ta riƙa ɗorawa a wuta don maƙwabta su ga hayaƙi. Ta ce, "To, Malam."

Ta kuwa rufa, rufi mai kyau. Ta yayyanka tsohon zaninta mai taushi ta ninke masa ƙyallaye. Ta daina shanya wandunansa a igiyar tsakar gida, don matan maƙwabta da ke shigowa ɗaukar wuta sun iya lissafin wanki, ta ɗaura wata igiya a cikin ɗaki. Ta riƙa turara rigunansa da turaren wuta har Badamasi ya yi masa barkwanci ko amarya zai ƙara. Duk wanda ya shigo gidan ba zai ga komai ba. Ita kaɗai take gani, kuma abin da take gani kullum ƙaruwa yake. Ta ga ya daina hawa keke, ya ce sirdin ne ya lalace. Ta ga yana daɗewa a bayi. Wata rana yana dawowa daga masallaci takalmin ƙafar hagu ya zame a zaure, ya ci gaba da tafiya da ɗaya har tsakar gida bai sani ba. Ta bi baya ta ɗauko ta ajiye a bakin turaka.

Ranar ta ɗauki waya ta kira Ɗanmalam. Ta shirya maganar tun tana wanke-wanke, ta maimaita ta a zuci har ta zauna.

"Iya, barka da yamma. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Ya yaran?"

"Suna nan ƙalau. Ya jikin Malam?"

Ga ƙofa a buɗe. Ta buɗe baki za ta faɗa. Ta yaya uwa za ta gaya wa ɗan farinta cewa ubansa na jiƙa wando? Da wace kalma? Ta ji hayaniyar kasuwar Rano ta cikin wayar, wani na tambayar maganin ƙwari.

"Da sauƙi," ta ce. "Yana gaishe ka."

Ta kashe wayar ta zauna a kan turmi ta yi kuka mara sauti, tana jin haushin kanta, tana jin haushin Malam, har da Rahma da ta ɗora mata wannan sani. Daga turaka tana jiyo numfashinsa, yana ta jan gwiwoyi zuwa ƙirji, sau ninkin abin da aka ce ya yi.

Ranar da abin ya faru, an riga an sussuke dawa an zuba a buhu. La'asar ce. Asma'u na madafa tana jajjaga kayan miya, tana jin sallar ta bango kamar kullum. Shekara da shekaru ta san tafiyar sallar mijinta kamar yadda ta san hanyar rijiya. Ta ji kabbarar raka'a ta uku, ta ji ruku'u, ta ji ya ɗago da ƙyar. Ta ji "Allahu akbar" na tafiya sujada, da ƙarar gwiwoyin mutane a kan tabarmi. Ta ɗaga taɓarya tana jiran kabbara ta gaba.

Ba ta zo ba.

Ta sauke taɓaryar a hankali. Wata kaza ta ratsa tsakar gida. A bayan bango sahu biyu na magidanta na nan goshi a ƙasa, ba mai ɗagowa, don ba a riga liman ɗagowa, kuma ai an san Malam da daɗewa a gaban Ubangijinsa. Wataƙila ma wasu na cewa a ransu yau abin ya kai maƙura. Duk ƙauyen mutum ɗaya ce ta san abin da shirun nan yake nufi, ga ta tsaye da taɓarya a hannu, bango ya raba su. Ta manna kunnenta da bangon. Wani ya yi gyaran murya. Shirun ya ci gaba. Sai ta ji muryar Badamasi ƙasa-ƙasa, "Subhanallah," yadda ake tunatar da liman in ya yi mantuwa. Ya sake faɗa da ɗan ƙarfi.

Sannan ta ji Malam, muryar a toshe don bakinsa na kusa da ƙasa.

"Badamasi, ƙarasa musu."

Badamasi ya yi kabbara daga inda yake, mutane suka ɗago. Ba wanda ya yanke sallarsa, ba a yi haka ba. Asma'u ta tsaya ta saurari sujada ta biyu, da miƙewa, da raka'a ta huɗu cif, Fatiha a asirce, ruku'u, sujada, zaman tahiya, duk mijinta na kife a gabansu ba wanda ya taɓa shi. Ba ta san lokacin da ta isa zaure ba, ba mayafi, hannu duk attaruhu. Ana sallama ta ji masallacin ya kaure da hayaniya.

Mutum huɗu suka shigo da shi a kan tabarma. Badamasi ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓa masa daga ƙugu zuwa ƙasa, amma tabarmar na ɗiga, kuma duk wanda ke sahun gaba ya riga ya gani. Kowa ya kawar da kai, ana ta "sannu Malam, jiri ne, zafin nan ne." Malam ya rufe ido. Asma'u ta dubi ƙafafunsa da suka leƙo daga ƙarƙashin rigar, sun faɗi gefe-gefe kamar ba a jikin mai rai suke ba.

Ɗanmalam ya iso da motar haya kafin rana ta faɗi. Aka kwantar da Malam a kujerar baya, kansa a cinyarta. Duk ramin da motar ta faɗa tsakanin Rano da Kano sai ta dubi fuskarsa, tana fatan ya yamutsa ta, ya ce wash, ya yi wa direba faɗa. Ko gezau bai yi ba. Ta sa hannu a ɓoye ta matse masa ɗan yatsan ƙafa, leɓensa dai na ta motsi da salati.

A asibiti wani likita ne daban, dogo, mai magana a hankali. Ya tambayi abin da ya faru, Ɗanmalam ya ba shi labarin masallaci yadda aka ba shi. Likitan ya ɗaga rigar ya duba, ya danna marar Malam, ya ce a kawo robar fitsari maza. Sannan ya tambaya, "Baba, yaushe fitsarin ya fara zuba ba ka sani ba?"

"Yau," in ji Malam.

Likitan ya ɗan saki fuska. "To, in yau ne, muna da kyakkyawan fata."

Asma'u na tsaye a ƙarshen gado. Ɗanta na gefenta, kafaɗarsa kusa da tata. In ta yi shiru, likita zai shiga aiki da ƙarya a hannu. In ta yi magana, a gaban ɗan fari za ta yi ta.

"Ba yau ba ne," ta ce, idonta a ƙasa. "Tun ranar da aka yanke dawa. Ni nake wankewa."

Likitan ɗan birni ne, bai san lissafin ba, ya dubi Ɗanmalam. Ɗanmalam mai sayar wa manoma taki ya sani sarai. Ya ce makonni ne. Ya juyo gare ta. "Iya, na tambaye ki. Kika ce da sauƙi."

Malam ya juya fuskarsa bango.

Likitan ya ce aiki ya zama dole, kuma yanzu za a shirya shi, don a ceci abin da ya rage. Abin da ya rage ɗin nawa ne, shi ne bai sani ba, ba kuma zai yi musu alkawari ba. Ya ce bari ya gwada ya gani. Ya zaro ƙaramar allura daga aljihun rigarsa, ya ce Baba ya rufe ido, duk inda ya ji tsini ya faɗa. Malam ya runtse ido ya damƙe ƙarfen gado da hannu biyu, don shi ko allurar zazzaɓi sai an yi da gaske yake yarda.

Asma'u na kallo. Likitan ya taɓa babban yatsa da tsinin. Ya taɓa bayan ƙafa. Ya hau idon sawu, ya bi gefen ƙwauri, yana dannawa yana duban fuskar Malam. Ya koma ɗaya ƙafar ya fara daga ƙasa. A wani wuri ya danna har ɗigon jini ya fito.

"Likita," in ji Malam, ido a rufe, "in za ka soka ka soka mana. Na shirya."

Ɗanmalam ya fita daga ɗakin da sauri. Asma'u ta matsa ta sa bakin zaninta ta goge jinin.